Kafin a Sa Farar Riga

Duk shekara, da zarar lokacin jarrabawa ya ƙarato, akwai Lahadin da Baba Fasto kan ce 'yan WAEC da NECO da JAMB su fito gaba. Sai su taso daga bencin matasa, wasu da biro a hannu, wasu da takardar shiga ɗakin jarrabawa a tsakiyar Littafi Mai Tsarki, su durƙusa. Dattawa su ɗora musu hannu, iyayenmu mata na Zumunta su amsa amin da ƙarfi har kwanon rufi ya ɗauka. In ka bi layin kana tambayarsu ɗaya bayan ɗaya me suke so su karanta, abin da za ka fi ji shi ne likita ko nas, sai jefi-jefi mai cewa harhaɗa magunguna ko aikin gwajin jini. Muna ƙaunar wannan Lahadi, kuma ba mu ce a daina ba.

Sai dai akwai abin da muka sani, muka kuma ƙware wajen yin shiru a kansa. Cikin waɗanda ke durƙushe a gaban bagade akwai waɗanda tuni an biya musu kuɗi a wata makarantar da ba su taɓa zama ajinta ba ko na yini guda, inda za a rubuta amsa a allo, mai sa ido ya fita shan iska. Sunan da ake kiran irin wurin ma ya isa ya ba mu kunya: mirakul senta, wato wurin al'ajibi. Kalmar da muke faɗa game da buɗe idon makaho da ta da Li'azaru daga kabari, ita aka ɗauka aka liƙa wa ɗakin satar amsa. Kuɗin kuwa ba daga sama ya faɗo ba. Wani akuyar gida aka sayar, wata kwasar adashin mamarta ce. In sakamako ya fito a watan Agusta sai a zo da ambulan na godiya, a ba da shaida cewa Ubangiji ya yi abin mamaki, mu kuma mu tafa.

'Yan'uwa, ga inda muka tsaya a kan wannan batu. Shekarun da matashi ke yi yana shirin shiga makarantar aikin lafiya ba lokacin jira ba ne kafin kiran Allah ya fara. A nan kiran ke farawa. Ikkilisiyar da ke yi wa masu son zama nas da likita addu'a, amma ba ta taimaka musu su shirya ba, ta kuma kau da kai idan sun bi ta bayan gida, tana cutar su, tana kuma cutar marasa lafiyar da za su faɗa hannunsu nan gaba. Marasa lafiyar nan kuwa mu ne.

Bari mu fara da abin da ake nema, domin da yawa cikin iyayenmu ba su san shi dalla-dalla ba, yaran ma wasu sai sun kai SS3 suke ji. Makarantar jinya ko ta ungozoma tana neman kiredit biyar: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, a zama ɗaya ko biyu, ba fiye da haka ba. Ga mai neman likita kuwa, jami'o'i da dama sukan ce sai a zama ɗaya. Ke nan yarinyar da ta guje wa ajin kimiyya a SS1 saboda ƙawayenta sun ce Fiziks na da wuya, ta rufe wa kanta ƙofar nas tun tana 'yar shekara 14 ko 15, ba ta ma sani ba. Babu wanda ya zaunar da ita ya gaya mata. Mu da muke tare da ita a ƙungiyar mawaƙa kowace Laraba da Asabar ba mu taɓa tambayarta wane aji ta zaɓa ba.

Sai JAMB. Mai neman likita ko jinya zai rubuta Turanci da Bayoloji da Kemistiri da Fiziks. Tambayoyi 180 ne, 60 na Turanci, 40 ga kowane ɗaya cikin sauran ukun, a cikin awa biyu, maki kuma 400. In ka raba, kowace tambaya ba ta wuce daƙiƙa 40 ba, har da waɗanda sai ka yi lissafi a takarda. Tun 2015 a kwamfuta ake rubuta ta gaba ɗaya. A 2025, cikin kusan mutum miliyan 2 da suka zauna, fiye da miliyan 1.3 ba su kai maki 200 ba. Ga shi kuma kwasa-kwasan lafiya suna cikin waɗanda aka fi yi wa rububi, kuma hukumomin da ke kula da aikin likita da na jinya sun ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta iya ɗauka. Wanda ya haye wannan, akwai tantancewar makarantar kanta tana jiransa. Ba mu kawo waɗannan alƙaluma don mu karya wa kowa gwiwa ba. Mun kawo su ne don a daina gaya wa yaro cewa mako biyu na karatun dare da kwana uku na azumi za su wadatar. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da masu sayar da amsa ba sa faɗa wa iyaye shi ne, ƙofar makaranta ba ita ce ƙofa ta ƙarshe ba. Duk wanda ya yi makarantar jinya zai ba ku labarin watannin farko da ake kira PTS, lokacin da ake ɗura wa sabon ɗalibi ilimin sassan jiki da yadda suke aiki, a yi masa jarrabawa, wanda bai kai ba a sallame shi. A jami'a ma, shekarar farko ta mai karatun likita kusan duk Kemistiri da Fiziks da Bayoloji ne, kuma sai ka ci za ka wuce. A can gaba akwai jarrabawar hukuma, wadda sai da ita ake ba da lasisi.

Muna da 'yar'uwa a zumuntar nan da ta yarda mu ba da labarinta muddin ba mu faɗi suna ba. Ta fito da kiredit takwas, har da A1 a Kemistiri. Wani kawunta ya san wani, aka samo mata gurbi a makarantar jinya. Muka yi mata liyafar sallama, aka haɗa mata bokiti da katifa da farin takalmi, Mama Fasto ta ba ta zane. Bayan 'yan watanni ta dawo. Da farko ta ce hutu aka ba su. Hutun ya yi tsawo, ta daina zuwa sujada, in ta hango ɗayanmu a kasuwa sai ta sauya hanya. Sai da aka daɗe kafin ta gaya wa wata a cikinmu gaskiya: a gwajin farko an ce su mayar da giram zuwa miligiram, ta zauna tana kallon takarda har aka karɓe. A1 ɗin da ke kan takardarta ba ta taɓa shiga kanta ba. Abin da ya fi yi mata ciwo, in ji ta, ba korar ba ce. Shaidar da ta bayar a gaban ikkilisiya ce, da yadda kowa ya tafa, alhali rabin masu tafin sun san inda aka rubuta jarrabawar. Daga baya ta koma lesin na shekara guda, ta sake zama a matsayin mai rubutawa daga waje, ta fito da C a mafi yawan darussan. Da waɗannan C ɗin take karatu yanzu a wata kwalejin fasahar lafiya, kuma ba ta ɓoye wa kowa littafinta.

Za mu ɗan daɗe a kan maganar giram da miligiram, domin a nan ne batun ya daina zama na takarda. A ce an kawo yaro mai nauyin kilo 12 da zazzaɓi, an rubuta masa farasitamol miligiram 15 ga kowane kilo. Miligiram 180 ke nan. Kwalbar da ke hannunka ta ruwa ce, an rubuta miligiram 120 a cikin kowane mililita 5. Nawa za ka auna? Mililita 7.5. (Misali ne kawai, kada wani ya je ya auna wa ɗansa da wannan rubutu.) Ko a ce ledar ƙarin ruwa mai mililita 500 za ta shiga jiki cikin awa huɗu, igiyar kuma tana ba da ɗigo 20 a kowane mililita. Dole ka san ɗigo nawa za su sauka a minti ɗaya, wajen 42, ka tsaya da agogo ka daidaita. Wannan duk lissafin ƙaramar sakandare ne, ninkawa da rabawa. Amma a asibiti, bambancin 0.5 da 5 ninki goma ne, kuma akwai magungunan da ninki goma a jikin jariri ba ya barin damar gyara. Ruwan gishirin da ake ƙara wa mutum, giram 9 ne na gishiri a lita ɗaya; dalilin da ya sa ba a zuba ruwa tsura a jijiya yana cikin darasin Bayoloji na SS1, wanda ke bayanin yadda ruwa ke ratsa fatar ƙwayar halitta. Awon hawan jini Fiziks ne. Darussan nan biyar ba wani ne ya zauna ya zaɓe su don ya wahalar da 'ya'yan talakawa ba.

Sannan mu tuna inda yawancin yaranmu za su yi aiki. Ba duka ne za su samu babban asibiti mai likitoci goma da za su duba kuskuren juna ba. Da yawa ƙaramin asibitin ƙauye za a tura su, inda ma'aikaci ɗaya shi ne likita, shi ne nas, shi ne mai ba da magani, da ƙarfe biyun dare, da tocilan waya a baki, ga mace tana zubar da jini bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin matan da ke mutuwa sanadin ciki da haihuwa a duk duniya, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu a Najeriya suke. Babu ɗayanmu da bai taɓa zuwa jana'izar irin wannan mace ba. Uwar da ta biya wa 'yarta kuɗin satar amsa, za ta yarda nas ɗin da aka saya wa sakamako ta karɓi haihuwar jikanta?

Akwai labarin da muka sani tun Makarantar Lahadi, a Farawa sura 27, amma ba mu cika karanta shi da idon jarrabawa ba. Yakubu ya sa tufafin Isuwa, ya rufe hannuwansa da fatar 'yan awaki, ya shiga wurin mahaifinsa da idonsa ya dushe, ya amsa sunan da ba nasa ba. Sojan gona ke nan, irin wanda ake kamawa a ɗakin jarrabawa. Abin lura, ba Yakubu ne ya ƙirƙiro dabarar ba. Rifkatu ce, mahaifiyarsa, ita ta dafa naman, ita ta ɗauko tufafin, da yaron ya ji tsoro ita ta ce ta ɗauki alhakin. Ƙauna ce ta sa ta, babu shakka, kuma tun kafin a haifi tagwayen an riga an faɗa mata cewa babban zai bauta wa ƙaramin. Ta dai ga kamar Allah yana bukatar a taya shi da ƙarya. Yakubu ya samu albarkar, amma da gudu ya bar gida, ya yi shekara 20 a hannun Laban, inda shi ma aka yi masa sojan gona a daren aurensa, aka kai masa Lai'atu a maimakon Rahila. Labarin kuma bai sake nuna mana Rifkatu ta sa ɗanta a ido ba. Iyayenmu, da ladabi muke faɗa: da yawa cikin yaran da ke zuwa mirakul senta ba su suka nemi a kai su ba.

Mun san amsar da za a ba mu, domin mu ma mun sha faɗarta a tsakaninmu. Za a ce kowa yana yi, wanda bai yi ba shi ake bari a baya. Za a ce makarantar garinmu shekara da shekaru ba ta da malamin Fiziks, ɗakin gwaje-gwajen kuma akuyoyi ke kwana ciki, ta yaya yaron da bai taɓa riƙe kayan awo ba zai yi gasa da ɗan makarantar kuɗi ta Jos ko Kaduna ko Abuja? Za a ce wasu yaranmu rikici ya raba su da gida, sun yi zango biyu ko uku ba su shiga aji ba. Wasu kuma za su ce ko ka ci da guminka, a wasu wurare sunanka ko takardar asalinka za su sa a ture ka gefe, to me ya sa za ka wahalar da kanka?

Ba za mu ce ƙarya ne ba. Akwai rashin adalci, kuma wanda bai taɓa ganin sakamakon ɗansa a ƙasa da na wanda aka rubuta wa ba, bai san zafinsa ba. Amma a duba abin da satar amsa ke gyarawa a cikin duk waɗannan. Ba ta kawo malamin Fiziks. Tana dai ɓoye rashinsa, domin in kowace shekara makaranta tana fitar da A da B, wa zai yarda tana bukatar malami? Ba ta mayar wa yaron da aka kora daga gida zangon da ya rasa, tana tura shi gaba ne da ramin a cikinsa har ya kai inda ramin zai rufta da shi, bayan an kashe kuɗin makaranta. Wanda kuma yake tsoron za a danne shi saboda sunansa, shi ne ya fi kowa bukatar ilimin da ba a iya musunsa a ɗakin tantancewa. Ga kuma haɗarin da ake mantawa: hukumomin jarrabawa sukan riƙe sakamako ko su soke na cibiya guda, kuma tun 1999 akwai dokar ƙasa da ta tanadi ɗauri a kan maguɗin jarrabawa. In matsalar rashin malami ce, maganinta malami ne. A nan ne laifin ya dawo kanmu.

Mu duba mako guda na matashi mai himma a ikkilisiyarmu. Litinin taron zumunta, Talata nazarin Littafi Mai Tsarki, Laraba koyon waƙa, Alhamis faretin Birged, Jumma'a addu'ar kwana in ta zagayo, Asabar sharar majami'a da sake koyon waƙa, Lahadi sujada har azahar, da yamma ziyara. In makon matasa ya zo, ko babban taron gunduma, sai abin ya ninka. Kuma su waye muka fi ɗora wa aiki? Waɗanda suka gama sakandare suna "zaman jiran JAMB", domin a ganinmu su ne ba su da abin yi. In ɗayansu ya ce ba zai zo koyon waƙa ba saboda yana da karatu, sai a fara raɗe-raɗin cewa ya fara ja da baya. Mu shugabannin matasa mun yi wannan, ba labari aka ba mu ba. Mun taɓa cin tarar wani saurayi saboda rashin zuwa taro sau uku, mako biyu kafin jarrabawarsa.

Daniyel da abokansa uku shekara uku aka ɗiba musu na horo a Babila, suna koyon harshe da littattafan Kaldiyawa, kafin su tsaya a gaban sarki ya yi musu tambayoyi da bakinsa. Mun fi son wa'azi a kan abincin da suka ƙi ci, kuma daidai ne, sun ƙi ƙazantar da kansu. Amma karatun ba su ƙi shi ba. Littafin ya ce Allah ne ya ba su ilimi da ganewa, ya kuma ce an yi shekarun nan uku cur. Bai ga wani saɓani tsakanin biyun ba. Da Nebukadnezzar ya gwada su, babu wanda ya miƙa musu amsa ta taga. Saboda haka awa uku da yarinya ta yi a kan littafin Kemistiri da niyyar ta iya riƙe ran mutum wata rana, mu daina ganinsu kamar lokacin da ta sace wa Allah.

Abin mamaki ma shi ne, wannan ba sabon abu ba ne a tarihinmu. Bishara ta shigo yawancin garuruwanmu ne da akwatin magani a hannu ɗaya, allo a ɗaya hannun. An fara asibitin Vom a 1922, asibitin ido na Kano a 1943, na Galmi a Jamhuriyar Nijar a 1950, ga na Garkida da Lassa da Wusasa. A irin waɗannan wurare aka koya wa kakanninmu wanke miki da ba da magani da karɓar haihuwa, wasunsu da ƙyar suka gama firamare, amma abin da suka iya sun iya shi. Daga ƙaramar al'ummar masu bi ta Wusasa aka samu Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, wanda ya yi karatu a Birmingham ta Ingila. Daga nan kuma Farfesa Ishaya Audu ya fito, likitan yara, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. Ba yawa ne da su ba, ba kuma kuɗi ba. Al'umma ce da ta ɗauki koyar da 'ya'yanta a matsayin aikin ikkilisiya. Aikin kuma ba wasa ba ne: a 1969 ma'aikatan jinya na mishan ne suka fara kamuwa da cutar da aka sa wa suna zazzaɓin Lassa, biyu suka rasu, a 1970 kuma Dokta Jeanette Troup ta rasu a Jos bayan ta yanke hannu tana binciken gawar wanda cutar ta kashe. Mai ganin farar riga ado ce, ko kuwa tikitin jirgi zuwa Ingila kawai, ya kamata a ba shi wannan labari tun kafin ya sayi fom. Ba mu ce fita waje zunubi ba ne, amma can ɗin ma jarrabawa ce ke jiran mutum, ta Turanci da ta aiki, kuma babu kawun da ya san wani.

Wata hidimar da muke bin yaranmu bashi ita ce faɗa musu cewa hanya ba ɗaya ba ce. Mun ga masu rubuta JAMB sau huɗu a kan lallai sai likita, shekaru suna tafiya, zuciya tana ɗaci. Karatun likita shekara shida ne, sannan shekara guda ta horo a asibiti. Digirin jinya shekara biyar. Amma akwai kwalejojin jinya da ungozoma, irin na Vom da Kafanchan, akwai kwalejojin fasahar lafiya irin na Pankshin da Makarfi da Kagoro, inda ake koyon aikin lafiyar al'umma, da gwaje-gwaje, da ba da magani, da adana bayanan marasa lafiya, da aikin duba-gari. Kwas ɗin CHEW shekara uku ne, kuma a ƙauyuka da yawa mai wannan takarda shi ne duk asibitin. Akwai kuma karatun share fage: IJMB da Jami'ar Ahmadu Bello ke kula da shi, da JUPEB, waɗanda in mutum ya ci da kyau zai iya neman shiga aji biyu kai tsaye, sai kuma shirye-shiryen share fage da jami'o'i ke yi da kansu. Shekara guda a irin wannan ba asara ba ce ga wanda tushensa bai yi ƙwari ba. Sai dai kafin a biya ko sisi, a tabbatar jami'ar da ake nufa tana karɓar wannan takarda a kwas ɗin da ake so, domin ba duka ke karɓa a likita ba.

A kula kuma da makarantun da ke tsirowa kamar naman kaza, gida mai ɗaki huɗu da babban allo a ƙofa. Makarantar jinya in Hukumar Jinya da Ungozoma ta Najeriya ba ta amince da ita ba, ɗalibinta ba zai zauna jarrabawar lasisi ba, ko shekara nawa ya yi. Haka ta lafiyar al'umma, tana da tata hukumar. Waɗannan hukumomi suna fitar da sunayen makarantun da suka amince da su, kuma dubawa a waya ba ta cin minti goma. Haka nan zaman koyon aiki a ƙaramin asibitin kuɗi, a ɗinka wa yarinya farar riga a yi mata bikin yaye, bai mai da ita nas ba a idon doka, ko da unguwa duka tana kiranta haka.

To me muke roƙo? Majami'armu a rufe take yawancin safiyar mako, ga benci, ga allo a ajin Makarantar Lahadi, ga hasken sola da aka sa bara. A cikin ikkilisiya muna da ma'aikatan jinya, muna da malaman kimiyya har da waɗanda suka yi ritaya, muna da 'yan bautar ƙasa da ke zuwa sujada kowace Lahadi ba mu taɓa tambayar me suka karanta ba, muna da ɗalibanmu na jami'a da ke dawowa hutu. In kowannensu ya ba da awa biyu a mako, mun samu makaranta. Muna roƙon dattawa su ba mu ɗaki da wuta daga Oktoba zuwa lokacin jarrabawa. Muna roƙon a ware wani abu daga baikon makon matasa, wanda rabinsa kan tafi a riguna masu tambari da hayar lasifika, a sayi littattafan kimiyya da tambayoyin shekarun baya, da kwamfuta ko da biyu ne na hannu. Yaron da ranar jarrabawa ce ranarsa ta farko a gaban kwamfuta ya riga ya yi asarar mintuna yana neman inda zai danna. Alhali cikin yini biyu zai iya sabawa da cewa A, B, C, D su ne amsa, N ta kai shi gaba, P ta dawo da shi baya. Muna roƙon shugabannin ƙungiyoyi, da mu a ciki, mu sauke wa duk mai shirin jarrabawa aiki na wata uku, ban da sujadar Lahadi, ba tare da tara ko baƙar magana ba. A kuma fara tun daga 'yan JSS3, a zaunar da su da iyayensu kafin su zaɓi aji.

Abu na ƙarshe shi ne mafi nauyi, kuma mun yi ta gardama a kwamiti kafin mu yarda mu rubuta shi. Muna roƙon Baba Fasto, a Lahadin ɗora hannu ta bana, kafin a yi addu'a, a faɗa a fili daga kan mumbari cewa ikkilisiya ba ta karɓar godiyar sakamakon da aka saya. Ba don a tona wa kowa asiri ba. Ba ma so a kira suna ko a nuna yatsa. Wanda ya riga ya biya, ko wanda yake riƙe da irin wannan takarda yana jin nauyinta, ya samu ɗaya daga cikinmu a keɓe, za mu zauna da shi mu ga daga ina za a sake farawa. 'Yar'uwar da muka ba da labarinta ta ce in an buɗe ajin, ita za ta ɗauki darasin awo da sauya ma'auni idan ta zo hutu. Takardar rubuta suna, ta masu koyo da ta masu koyarwa, za ta kasance a wurin sakataren matasa bayan sujada. A zo da sakamakon zangon da ya wuce, na gaskiya, ko da ja ya yi yawa a ciki.